Tsohon Sojan Ruwa da Rumbun Manoma

Wani mai sauraro ya tambaya: me ya sa a karkarar Amurka, idan tsohon sojan ruwa ya rasu, aka fi ambaton aikinsa na manajan ƙungiyar manoma?

Malam, dokar Capper-Volstead ta 1922 ce ta ba manoman Amurka damar haɗa kai su sayar da amfanin gona tare. A irin wannan ƙungiya, manaja ke riƙe da ma'auni, da rumbu, da lissafin ribar da ake raba wa membobi gwargwadon cinikinsu. Wasu za su ce ai a teku tsohon sojan ya sayar da rai. Gaskiya ne, amma ga yawancin irin waɗannan tsofaffin sojoji aikin soja 'yan shekaru ne, hatsin maƙwabta kuwa sukan riƙe amanarsa har tsufa, kuma maƙwabtan ne ke ba da shaida ranar jana'iza.