Gyara Wayar Intanet Kafin Ka Zargi Sabis

'Yan uwa 'yan kasuwa da masu shaguna a Bagudo, Illo, Lolo da Tsamiya, da yawa kun koma kiran abokan ciniki na Segbana da Malanville ta intanet. Amma murya na yankewa, data na ƙarewa da wuri. Sau da yawa matsalar tana cikin saitin kodek, wato tsarin da waya ke matse murya kafin ta aika.

Wayoyin tebur irin Grandstream galibi suna sa kodek G.711 a gaba. Muryarsa tsaf take, sai dai yana cin kilobit 64 a daƙiƙa, kuma sabis ɗin bakin iyaka ba kullum yake ɗaukar wannan ba. G.729 kilobit 8 kacal yake buƙata. Opus kuwa yana rage nauyinsa da kansa idan sabis ya yi rauni.

Ga abin yi:

1. Tambayi kamfanin da ya ba ka layin wane kodek yake karɓa.
2. Shiga saitin sauti, ka ɗora Opus ko G.729 a sama, G.711 a ƙasa. Kada ka goge shi. Idan ɓangarorin biyu ba su da kodek iri ɗaya, kiran ba zai shiga ba.
3. A WhatsApp, kunna zaɓin rage data lokacin kira.
4. Hana wayar hannunka zaɓar sabis da kanta. Kusa da iyaka tana iya tsallakawa layin Benin, kuɗinka ya zube ba ka sani ba.

Bayan kowane canji, kira wani ka gwada kafin ranar kasuwa.