Zaɓen Ɗan Kyanwa Mai Lafiya Don Tsaron Rumbu

Gabatarwa

Manoman Mubi da kewaye suna noma dawa, masara, gyaɗa da wake, kuma ɓera yana cikin manyan maɓarnatan wannan amfani bayan an kai shi rumbu. Ɓarnarsa ba ta tsaya ga cin hatsi ba. Fitsari da kashin wani ɓera mai yawan nonuwa su ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a shekarar 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, wanda ba shi da nisa da Mubi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ajiye kyanwa cikin hanyoyin rage ɓera a gida. Sai dai kyanwa mai lafiya ce kawai take wannan aiki. Maras lafiya kuwa cuta za ta ƙara wa iyali.

Inda Za a Samo Shi

Galibi a ƙasarmu kyauta ake bayar da ɗan kyanwa. Manomi ya nema a gidan da ya sani, inda zai ga uwar da idonsa, ya tabbatar tana da ƙoshin lafiya kuma ta saba da mutane. Ya guji wanda ake yawo da shi a buhu ba a san asalinsa ba. Idan tsintarsa aka yi, a keɓe shi daga yara da dabbobi har likitan dabbobi ya duba shi.

Kada a raba shi da uwarsa kafin ya cika mako 8, in ma ya kai 12 ya fi. Nonon farko ne yake ba shi kariya daga cututtuka, kuma wajen uwa yake koyon tsafta da farauta.

Alamomin Lafiya

1. Idanu garau, babu kwantsa.
2. Hanci babu majina, kuma ba ya atishawa.
3. Dasashi ja-ja. Farin dasashi alamar ƙarancin jini ce.
4. Gashi mai sheƙi, babu ƙuma. Inda gashi ya zube ya bar da'ira yana iya zama makero, wanda ke kama yara.
5. Ciki bai kumbura ba, domin kumburi yakan nuna tsutsar ciki.
6. Ƙarƙashin wutsiya babu alamar zawo.
7. Yana da kuzari, yana wasa, yana cin abinci.

Rigakafi da Magani

A kai shi asibitin dabbobi cikin makon farko don a ba shi maganin tsutsa, a kuma fara allurar rigakafin cututtukan kyanwa, wadda ake maimaitawa bayan mako 3 zuwa 4. Da ya cika wata 3 a yi masa rigakafin ciwon haukan kare, domin kyanwa ma tana ɗaukarsa. Duk wanda kyanwa ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, sannan ya tafi asibiti nan take. Mace tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 5, don haka a nemi shawarar likita kan aikin hana haihuwa.

Ciyarwa da Kiyayewa

A ba shi dafaffen nama ko kifi maras ƙaya, da ruwa mai tsafta kullum. Madarar shanu takan sa shi zawo. Kuskure ne a bar kyanwa da yunwa wai don ta kama ɓera, domin ƙosasshiya ta fi ƙarfin farauta kuma ba ta gudu daga gida.

A kiyaye waɗannan:

1. Kada a ba shi farasitamol, yana kashe kyanwa.
2. Kada a shafa masa maganin kaskar shanu ko na karnuka.
3. Kada a ba shi abinci mai albasa ko tafarnuwa.
4. Kada a zuba gubar ɓera a gidan da ke da kyanwa.
5. Mace mai ciki ta guji kwashe kashin kyanwa, domin yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke illa ga ɗan tayi.

Kammalawa

Kyanwa mataimakiya ce, ba ta ɗauke wa manomi aikinsa. A toshe ramuka, a share ciyawa kewaye da rumbu, a adana hatsi cikin mazubi mai murfi. Don ƙarin bayani a tuntuɓi malamin gona ko likitan dabbobi mafi kusa.