Kyakkyawar Niyya Ba Ta Halatta Haram

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa a kan niyya ne, da iyakar da shari'a ta yi mata.

Dukkanmu mun san hadisin niyya wanda Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.) ya ruwaito. Saboda girmansa ne Imamu Bukhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya buɗe Sahihinsa da shi, Imamu Nawawi kuma ya sanya shi farkon hadisansa arba'in. Sai dai da yawa daga cikinmu sun mai da wannan hadisi mafaka, duk abin da suka aikata sai su ce ai zuciyarsu fara ce.

Mu sani, malamai sun kasa ayyuka dangane da niyya kashi 3.

Na farko, aikin ɗa'a, kamar salla da zakka. Mummunar niyya tana ɓata ladarsa. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa farkon waɗanda za a yi wa hukunci ranar Alƙiyama su ne wanda aka kashe a fagen yaƙi, da mai ilimi, da mai kyauta, waɗanda suka yi domin a yabe su. Makomarsu wuta ce.

Na biyu, aikin halal, kamar noma da fatauci. Kyakkyawar niyya tana mai da shi ibada. Manomin da ya ɗauki hauya domin ya ciyar da iyalinsa, ya tsare su daga roƙo, yana cikin lada.

Na uku, haram. Wannan niyya ba ta canza shi ko kaɗan. Wanda ya taɓa dukiyar marayun da ke hannunsa domin ya rufa masallaci, ya ci amana. Ɗan kasuwar da ya saye hatsi lokacin tsanani, ya ɓoye har ya yi tsada, wai zai tafi Makka da ribar, ya zalunci talakawa. Mai tauye tiya domin ya ciyar da almajirai, haƙƙin mai saye yana wuyansa. Allah tsarkakakke ne, ba Ya karɓar sadakar da ta fito daga ƙazamar dukiya.

Mu tuna da yarinyar nan ta Madina wadda mahaifiyarta ta umarce ta da ta zuba ruwa cikin nonon sayarwa, tunda Halifa Umar ba ya ganinsu. Ta ƙi, domin Ubangijin Umar yana gani. Ashe Umar yana ji daga bayan gida, ya aurar da ita ga ɗansa Asim, kuma daga tsatsonta aka sami adalin halifa Umar ɗan Abdul'aziz.

Don haka, kafin mu yanke shawara a kasuwa, ko wajen rabon gado, ko wajen aiki, mu tambayi kanmu abu 3: shin shari'a ta halatta wannan? Shin akwai haƙƙin wani a cikinsa? Shin domin wa muke yin sa? In mun rasa amsar ta farko, mu dakata mu tambayi malamai.

Allah Ya tsarkake zukatanmu da dukiyoyinmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.