Yadda Ake Tattalin Batir Mai Caji

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in ɗan yi bayani a kan wani abu ƙarami wanda yake cin kuɗi mai yawa, watau batir mai caji. Mu 'yan makarantar kwana mun san darajarsa, domin in aka ɗauke wuta lokacin karatun dare, fitila mai caji ita ce gatanmu. In batirinta ya mutu ana gab da jarrabawa, to, sai a sake ɗora wa iyaye nauyin sayen wata.

Abu na farko da ya kamata mu sani shi ne batura iri-iri ne, kuma kowane da irin kulawar da yake so.

Akwai batirin dalma, wanda wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro a shekarar 1859. Shi ne a cikin motoci, da wasu kayan sola na gida, da fitilu masu araha da yawa. Wannan batir yana son ya zauna a cike. In aka bar shi ya ƙare ƙaf, aka kuma ajiye shi haka nan, sai wani farin gishiri ya daskare a jikin farantan dalmar da ke ciki, daga nan ba zai ƙara riƙe wuta sosai ba. Saboda haka kada a bari ya sauka ƙasa da rabi, kuma da an gama amfani da shi a mai da shi caji. In mai murfi ne kuma ruwansa ya ragu, tataccen ruwa ake ƙarawa, ba ruwan rijiya ba.

Na biyu shi ne batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Shi ne a cikin wayoyin hannu da kwamfuta. Halinsa dabam ne, domin ba ya son ƙoshi ƙwarai, ba ya kuma son yunwa. Ya fi daɗewa in ana riƙe shi tsakanin kashi 20 da kashi 80 cikin 100. Maganar da ake yi cewa sai waya ta mutu sannan a sa ta caji, wannan ta tsofaffin baturan nikel ce, ba ta shafe shi ba. In za a ajiye shi da daɗewa, a bar shi da kamar rabin caji.

Amma akwai abokin gaba guda ɗaya ga dukansu, shi ne zafi. Kamfanin Apple ya gargaɗi masu wayoyinsa kada su yi amfani da su inda zafi ya wuce digiri 35, alhali a ƙasarmu da bazara yakan haura 40. Don haka kada a yi caji a rana, ko a ƙarƙashin matashin kai, ko a cikin motar da aka rufe. A kuma guji caja maras kyau. Batirin da ya kumbura kuwa, a daina amfani da shi nan take, don yana iya kamawa da wuta.

Daga ƙarshe ina kira gare mu ɗalibai, kafin mu tafi hutu mu cika fitilunmu masu batirin dalma, kada mu kulle su a akwati ba caji. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya sa mu dace, amin.