Bangon akurki

A ƙauyukan gundumomin Tasawa da Mayahi, cikin jihar Maraɗi, da wuya a shiga gida ba a ga kaji da zabi ba. Mata da yara ne suka fi kula da su. In baƙo ya sauka, kaza ake yanka masa. In yaro ba shi da lafiya, ita ake kaiwa kasuwa a sayo magani. Amma kazar da ke kwana a fili, ko ƙarƙashin rumbu, ba ta daɗewa. Shi ya sa ake yi mata akurki.

Bangon akurki yana da aiki uku. Yana tsare kaji daga muzuru da tunku da maciji. Yana kare su daga zafi da ruwan sama da sanyin hunturu. Kuma bai kamata ya zama maɓoyar ƙuma da kaska ba, masu shan jinin kaji da dare.

Da me za a yi shi?

Na farko, kara ko zana. Bayan girbi, karan hatsi ba ya wuyar samu. Igiya kuma ga ta kusa, domin Gulbin Kaba, mai yawan goriba, ya ratsa gundumomin nan biyu. Bangon kara ba ya cin kuɗi, iska kuma tana shiga. Sai dai gara tana cinsa, maciji yana ratsa shi, ƙuma tana ɓuya a cikinsa. Wanda ya yi akurkin kara, sai ya sake shi kowace shekara, ya ƙone tsohon nesa da gida da rumbu.

Na biyu, kwano. Gara ba ta cinsa, muzuru ba ya huda shi. Amma yana da tsada, kuma yana ɗaukar zafi. A watannin Afirilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Kaza ba ta gumi. In zafi ya yi mata yawa, sai ta buɗe baki tana haki, ta rage ci, ta rage ƙwai, wani lokaci ma ta mutu.

Na uku, laka. Ƙasar yankin rairayi ce, ba ta kama gini. Sai a ɗebo laka daga bakin tabki, a kwaɓa ta da ciyawa, a yi birgi, a shanya. Bangon laka ba ya saurin ɗaukar zafi da rana, da dare kuma yana riƙe ɗumi. Shi ya fi dacewa da kaji, in an kiyaye abubuwa huɗu:

1. A yaɓe shi sumul ciki da waje. Duk inda ya tsage a liƙe, domin a nan kaska ke ɓuya.
2. A bar ƙananan tagogi can sama, a rufe su da ragar waya, don iska ta shiga.
3. Ƙofa ta dubi yamma, domin hadari daga gabas yake tasowa. Kafin damina a ƙara yaɓe bangon gabas.
4. A share akurki kowane mako, a barbaɗa toka, a shafe bango da farar ƙasa.

Bango ba ya hana annobar kaji. Maganinta rigakafi ne, a wurin ma'aikatan kiwo.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin bangon akurki?
2. Don me kwano bai dace da kaji ba lokacin bazara?
3. Ina ake samun lakar gini a garinku?

Aiki
Kowane ɗalibi ya auna tsawo da faɗin akurkin gidansu ko na maƙwabta. Ya rubuta abin da aka yi bangon da shi, da yawan kajin da ke kwana a ciki.