Kuskuren Manhaja a Ɗakin Tiyata: Me Ya Sa Ake Janye Na'urorin Likitoci?

Idan manhajar waya ta maƙale, mai ita zai kashe wayar ya sake kunnawa, shi ke nan. A ɗakin tiyata kuwa abin ya wuce haka. Na'urori da dama da likitoci ke aiki da su a yau, kama daga hannun mutum-mutumi zuwa allon da ke nuna musu hanya a cikin ƙwaƙwalwa, manhaja ce ke tafiyar da su. Idan ta kauce da 'yan milimitoci, ran mutum ne ke cikin haɗari.

Mece ce janyewa?

A Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ce ke sa ido kan na'urorin asibiti. Idan kamfani ya gano aibu a na'urarsa, yakan sanar da janye ta, galibi bisa raɗin kansa, sai hukumar ta auna girman haɗarin. Janyewa ba lallai ne ta zama kwashe na'ura a mayar wa kamfani ba. Sau da yawa wasiƙar gargaɗi ake aika wa asibitoci, daga baya injiniya ya zo ya ɗora gyararriyar manhaja. Hukumar ta kasa janyewa aji uku:

- Aji na ɗaya: aibun na iya jawo mummunar illa ko mutuwa.
- Aji na biyu: illar ta ɗan lokaci ce, ko mai warkewa.
- Aji na uku: da wuya aibun ya cutar da kowa.

Misalai uku daga aji na ɗaya

A 2019 kamfanin Zimmer Biomet ya janye ROSA Brain 3.0, mutum-mutumin da ke taimaka wa likita wajen saita kayan aiki a tiyatar ƙwaƙwalwa. Kuskuren manhaja na iya sa hannunsa ya tsaya a inda ba nan likita ya tsara ba.

A 2023 kamfanin Asensus Surgical ya janye Senhance, na'urar da ake tiyatar ciki da ita ta 'yan ƙananan ƙofofi. Matsalarta ita ce wani sashe na hannunta na iya motsi ba tare da umarnin likita ba.

A 2024 kamfanin Medtronic ya janye wasu nau'o'in manhajar StealthStation S8. Aikin wannan na'ura kamar na taswirar waya ne: tana nuna wa likita inda kan kayan aikinsa ya kai da tazarar da ta rage. Kuskuren yakan sa wata lamba ko harafi ya ɓace daga allo, ya bar gurbi fili. A ƙaddara saura milimita 12, sai allo ya nuna 2 kawai: likitan da ya gaskata allon zai tsaya kafin ya isa inda ya nufa.

Kenan kuskuren manhaja na iya fitowa ta fuska uku: ya saita na'ura a gurbin da ba daidai ba, ya motsa ta ba da izini ba, ko ya nuna wa likita bayanin da ba shi ne ba.

Me ya sa ba a gano shi tun a masana'anta?

Ƙarfe yana lalacewa ne a hankali, har a ga alamar tsatsa ko tsagewa. Manhaja ba ta tsufa. Kuskurenta yana nan tun ranar da aka rubuta ta, yana jiran a danna wasu maɓallai a wani jeri na musamman. Kuma da yake manhaja ɗaya ce a duk na'urorin, aibu guda yana bin su duka.

Darasin da ake koya wa ɗaliban kwamfuta a kan wannan shi ne na Therac-25, na'urar gashin ciwon daji da aka ƙera a Kanada. Tsakanin 1985 da 1987 ta ɗirka wa marasa lafiya shida haske fiye da kima, wasunsu suka mutu. Ɗaya daga cikin kurakuran ba ya tashi sai ma'aikaci mai saurin hannu ya gyara bayanan da ya shigar cikin 'yan daƙiƙoƙi. Na'urorin da suka gabace ta suna da makullan kariya a jikin injin, ita kuwa aka bar wa manhaja wannan aiki.

A yau akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa, IEC 62304, da ta fito a 2006. Ta kasa manhajojin asibiti zuwa A da B da C gwargwadon illar da za su iya yi. Na ajin C su ake tsananta wa gwaji da ajiye bayanai.

Abin lura

Waya na iya sabunta kanta cikin dare, amma gyaran manhajar asibiti sai an gwada shi sosai, domin gyara ma na iya haifar da sabon kuskure. Haka nan gargaɗi ba ya amfani sai ya isa hannun mai na'ura. Asibitin da ya sayi na'ura ta hannu, wadda ba ta da rajista da sunansa a wurin kamfani, wasiƙar na iya wuce shi. Dole injiniyansa ya riƙa bibiyar sanarwar kamfanin da ta hukumomi irin su NAFDAC a Najeriya.

Ga matashi mai koyon rubuta manhaja kuwa, darasin a fili yake: bai isa a gwada abin da ake sa ran mai amfani zai yi ba, sai an gwada har abin da ba a zata zai yi ba.