Ko Hannunka Ne, Ɗana, Ka Sassauta

Ya ku 'ya'yana da jikokina masu neman halal a kan titi: 'yan adaidaita sahu, masu 'yar ƙurƙura, masu babur, da ku da maigida ya damƙa wa makullin mota. Ku ne kuke kawo mana kaya da masu saye nan Kasuwar Kurmi, ku sauke wannan a Jakara, ku ɗauki wancan zuwa Kwari ko Sabon Gari. Da yawanku da wannan sana'a kuke riƙe da iyaye, kuke biya wa ƙanne kuɗin makaranta. Allah ya yi muku albarka. Ba faɗa zan yi muku ba. Wata magana ce ta daɗe tana damuna, nake so ku ba ni aron hankalinku.

Duk sanda aka yi karo a bakin kasuwa, jama'a suka taru, abin da ke fara fitowa daga bakin direba shi ne, "Wallahi Baba hannuna ne, shi ya shigo mini." Sau tari kuma gaskiyarsa ce. Hannunsa ne, ya yi hon, wancan ne ya faɗo masa babu sigina babu komai. To amma ɗana, je ka Asibitin Ƙashi na Dala ka leƙa ɗakin maza, ko ka tsaya a sashen gaggawa na Asibitin Murtala da daddare. Mai gaskiya da mai laifi gadajensu a jere suke, ƙarfe iri ɗaya aka sa musu a ƙafa. Gaskiyarka za ta yi maka rana a ofishin 'yan sanda, lokacin da ake maganar wa zai biya gyara. Ba ta mayar da ƙafar da aka yanke, ba ta tayar da yaron da aka riga aka rufe. Shi ya sa ni gwanin direba a wurina shi ne wanda ya fito daga gida da sanin cewa yau wani zai yi kuskure a gabansa, ya kuma bar wa kuskuren nan fili, yadda zai wuce bai haɗa da shi ba.

Na taɓa ganin garin Kano kaf yana irin wannan tuƙi. Ranar 2 ga Afrilun 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Audu Bako yana gwamna a nan, Nijeriya ta yi canjin hannu. Aka bar tuƙi ta hagu irin na Ingila aka koma dama, yadda maƙwabtanmu na Nijar suke yi. Direbobin da suka yi shekara da shekaru jikinsu ya saba da hagu, dare ɗaya aka ce su juya. Abin da nake tunawa a makonnin nan shi ne natsuwa. Kowa ya iso shataletale sai ya rage, ya duba nan ya duba can, yana tsoron na gabansa zai manta ya koma tsohon hannu, yana kuma tsoron kansa. Da aka saba, tsoron ya tafi, natsuwar ma ta bi shi. Abin da nake roƙonku ku dawo da shi ke nan, wato zaton cewa na gabanka zai iya mantawa.

Cikin gari kuwa ya fi ko'ina buƙatar haka. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma lungunan da suka kewaye ta daidai ƙafar mutum da jaki da raƙumi aka yanka su. Titunan da aka fasa daga baya ma, teburan masu talla da motocin da aka ajiye sun cinye rabinsu. Tun da aka hana acaɓa a farkon 2013, nauyin jigilar mutane ya koma kan adaidaita sahu, wadda aka fara kawowa zamanin Malam Ibrahim Shekarau don ɗaukar mata, yau ga ta a kowace kusurwa. 'Yan Karota suna tsaye a mahaɗar manyan tituna, amma ba za a ajiye ɗan Karota a bakin kowane lungu na Koki da Bakin Ruwa da Yakasai ba. A can kai ne za ka tsayar da kanka, kai ne za ka ba kanka hannu.

Ku lura da ɗan dako in ya ɗauko kaya a ka zai ratsa layin dukawa ko na masu kayan doki. Idonsa yana can gaba, kan tsohon da zai juyo da yaron da ke shirin miƙewa daga bakin rumfa. Tun daga nesa yake cewa "gafara dai", in ya ga ba a ji ba sai ya rage, don ya san in aka yi karo kayan da ke kansa ne za su zube. Direba ma haka. Kada idonka ya tsaya a bayan motar da kake bi, hango ta biyu da ta uku a gabanta. In ka ga jar wutar birkinsu ta kama, ɗaga ƙafa daga totur tun kafin na gabanka ya taka nasa.

Maganar tazara zan fi daɗewa a kanta, don ita aka fi rainawa. Ƙa'idar gudu a cikin gari kilomita 50 ce a awa, kuma ku samari kuna ganin wannan ba gudu ba ne. Amma abin hawan da ke wannan tafiya yana cin kusan mita 14 a kowane sakan. Daga sanda idonka ya ga abu zuwa sanda ƙafarka ta sauka kan birki, sakan guda ya wuce ko fiye, ko da kana cikin hayyacinka garau. Ka riga ka shafe tsawon mota uku ke nan birkin bai ma fara aiki ba. Sannan shi birkin yana da nasa lissafin: in ka ninka gudu sau biyu, nisan da za ka ja kafin ka tsaya sau huɗu yake ninkuwa. Wannan lissafi babu ruwansa da ƙwarewa, tsohon direba da ɗan koyo duk ɗaya ne a gabansa.

Aunawa ba wuya. Zaɓi wata alama a gefen titi, falwaya ko allon talla. In na gabanka ya gifta ta, ƙirga sakan uku a nitse. In ka iso kafin ka gama ƙirgawa, ka matse shi da yawa, ja baya. Ranar ruwan farko, wanda ke taso da mai da ƙurar da suka kwanta a kwalta tun rani, ko ranar da hazon hunturu ya rufe gari, sai ka ninka. Na san abin da za ku ce: "Baba, in na bar wuri wani ne zai shige." Ƙyale shi ya shige, ka sake barin wani wurin. Abin da ka rasa bai kai wunin da za ka ɓata wurin mai gyaran fitila ba, balle watannin da za ka yi a hannun mai ɗori.

Wanda ke bin bayan adaidaita ya sa a ransa cewa ko yaushe za ta iya tsayawa. Fasinja ya ce "akwai", ko wata baiwar Allah ta ɗaga hannu a gefen titi, shi ke nan an yanke an tsaya. Ku kuma masu ita, don girman Allah ku duba madubi, ku kunna sigina, ku gangara a hankali. Fasinjan da aka wuce da shi taku goma zai tako ya dawo. Ku tuna kuma ƙafa uku gare ta. Kwana mai kaifi da gudu, ga mutum huɗu a baya ga buhu a sama, kifewa take yi.

Abin da ya fi tsinka mini zuciya shi ne yara. Bayan kowace motar da aka ajiye a gefen titi, ka ɗauka akwai yaro. In ƙwallo ta gangaro kwalta, mai ita yana biye. Almajirin da ya hango ana rabon sadaka a tsallake ba zai waiwaye ka ba. Lokacin tashin 'yan Islamiyya, da bayan an sauko daga Juma'a a masallacin cikin gari, da awa ɗayan nan ta kafin shan ruwa a watan azumi da kowa ke rige-rigen isa gida, a lokutan nan ƙafarka ta zauna kusa da birki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma babu abin da ya fi shi kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Ku ne ke nan da ƙannenku. Ta kuma ce mai tafiya a ƙasa da aka buge da gudun kilomita 65 ya fi wanda aka buge da gudun 50 shiga haɗarin mutuwa sau huɗu da rabi. Wannan 15 ɗin da ke tsakani, a ƙafar direba ɗan taɓi ne kawai.

Tirela da tanka da tifa, ku ba su girmansu. In ba ka ganin fuskar direban a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Kada ka cusa kai ta gefenta in za ta sha kwana, tayoyin baya ciki suke yankowa. In danja ta ba ka hannu, dakata kaɗan ka duba hagu da dama, don akwai mai ƙoƙarin tsallakewa bayan ja ta riga ta kama shi. In za ka sayi taya, duba lambobi huɗu da ke jikinta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tsohuwar taya ko zanenta bai cinye ba tana fashewa a zafin bazara. Bin hannun da ba naka ba kuwa, ba sai na ɓata baki ba.

Waya ita ce sabuwar fitina. Sakan uku da ka yi kana duba wa ya kira, in a gudun 50 kake, fiye da mita 40 ka tafi ba ka ga titi ba. Barci kuma tsohuwar fitina ce. Ranar 31 ga Mayun 2025, motar da ta ɗauko 'yan wasan Kano daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun ta faɗa daga kan gada a hanyar Zariya, fiye da mutum 20 suka rasu. Sun ratso kusan tsawon ƙasar nan, abin da ya rage musu zuwa gida bai fi tafiyar awa ɗaya ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ambaci gajiya da gudu cikin abin da take zato. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Ban kawo wannan don ɗora wa kowa laifi ba. Na kawo shi ne don ku san ƙarshen tafiya, sanda direba ya fara jin ya kusa gida, shi ne inda jiki yake saki. Goro da shayi ba sa biyan bashin barci. Tiramol da kodin kuwa ƙarya suke yi wa mutum, su nuna masa yana da ƙarfi alhali hannunsa ya yi nauyi. In ido ya fara rufewa, gangara ka kwanta, ko da rabin awa ne.

Za a ce da ni, "Baba, ai tsautsayi ne, in kwana ya ƙare babu mai hanawa." Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa an umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali. Shari'a kuma ba ta bar kisan kuskure haka nan ba, akwai diyya, akwai kaffarar azumin wata biyu a jere. In kuskure tsantsa yana da wannan nauyi, ina ga wanda ya san birkinsa ba ya ci, ya ce bari in yi lodi ɗaya tukuna? Mutanen da ke bayanka amana ce. Sun shiga ne ba su san sunanka ba, suka miƙa maka rayukansu a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba.

Ba ku kaɗai ke da alhaki ba, wannan na sani. Iyayen gida masu adaidaita da motoci, ku ji tsoron Allah a kan balas. In ka ɗora wa yaro abin da ba zai haɗa ba sai ya yi gudu ya kuma kai tsakar dare, to kana da kaso a duk abin da ya faru. In ya ce maka birki ko taya na son gyara, ba shi kuɗin a ranar. Fasinjan da ke cewa "direba taka mana, sauri nake", da abokan ango masu wasa da mota ranar ɗaukar amarya, su ma su shiga taitayinsu. Ɗana, in an matsa maka, ka ce a yi haƙuri, wanda ba zai iya ba ka sauke shi cikin mutunci.

Roƙona ga shugabannin tasha da na ƙungiyoyin direbobi shi ne, kada ku bar yaro ya ɗauki fasinja sai wani babba ya zauna kusa da shi ya ga tuƙinsa, ya kuma yi lasin na gaskiya da gwaji. Ku samari, gobe da safe kafin lodin farko ku taka birki ku ji, ku zagaya ku duba taya da fitila da madubi, mai mota ya ɗaura bel, mai babur ya sa hular kwano. Ku ajiye lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra a wayarku saboda ranar da za ku tarar da wani a kwance. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya karanta wa ɗan'uwansa da ke tasha. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku ga iyayenku lafiya.